Filin Mata: Baƙo Ya Ga Fara'a, Bai Leƙa Tukunya Ba

Maganarmu ta wannan mako ta fi shafar matan Kirista na ƙasar Katsina, amma ke 'yar'uwa Musulma kada ki naɗe jaridar ki tashi, gama talauci ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga. Rijiya ɗaya muke ja, kasuwa ɗaya muke ci.

Ga abin da ya kawo maganar. Akwai wata al'ada ta coci-coci na Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai, su tara kuɗi su aiko samarinsu da 'yan matansu Afirka aikin bishara na ɗan lokaci, mako biyu ko uku. Kafin rashin tsaro ya rage tafiye-tafiye, irin waɗannan baƙi sukan sauka Jos, ko su nufi Maraɗi da Galmi, su taya aikin asibiti, su raba tufafi, su yi wasa da yara, sa'an nan su koma. In sun isa gida a kan tsai da su gaban jama'a su ba da labari. To, labarin nan kusan kullum bakinsa ɗaya ne: wai sun ga mutanen da ba su da kome, amma ga fara'a, ga waƙa, ga bangaskiyar da ta fi tasu, wai sun je koyarwa, sai ga shi su aka koya wa. Namu Matan Zumunta na birni ma, in sun je ziyara ƙauye sun komo, abin da suke faɗa ke nan.

Magana ce mai daɗin ji, da gaskiya kuma a cikinta. Amma in an gama faɗinta an tafa, me ya shiga tukunyar matar nan da aka baro? Shin bangaskiya ta zo ne don ta sa mu yi sha'awar talauci, ko don ta sa mu tashi mu yi wani abu a kansa? Ba sai mun je nesa neman amsa ba. Nan ƙasar Batagarawa, kan hanyar Batsari, 'yar tafiya kaɗan daga birnin Katsina, akwai Babbar Ruga. Ku matso in ba ku labarinta.

ASALIN BABBAR RUGA

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko, da Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, watau wannan yanki namu. Kafin shekara ta zagayo biyu sun rasu, Kent a Bida, Gowans a wajen Girku. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake zuwa ya sake komawa, sai a 1902 ƙungiyarsu ta sami wurin zama a Patigi. Ita ce aka sani da suna S.I.M., wadda cocin ECWA ta fito daga cikinta a 1954.

Shekaru masu yawa Gwamnatin Turawa ba ta bar 'yan mishan su zauna cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Abin da ya buɗe ƙofa kuwa ciwo ne, watau kuturta. A zamanin nan wanda ta kama ya shiga uku: a ware masa ƙwarya, a ware masa tabarma, in mace ce sau da yawa aurenta ya mutu, ƙarshe a same ta bakin kasuwa da ƙoƙon bara. En'e ta riga ta keɓe wa masu ciwon wurin zama, amma masu jinya sun yi ƙaranci. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa S.I.M. aikin Babbar Ruga, kamar yadda aka danƙa musu na Yadakunya a Kano da na Amanawa a Sakkwato.

Kada ku zaci abin ya tafi sumul. Sarakuna sun yarda ne don jama'arsu su sami magani, suka kuma sa ido a kan sha'anin wa'azi da renon 'ya'yan majinyata. 'Yan mishan su kuma ba su ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba. An yi ta ja-in-ja a kan haka. Duk da wannan aiki bai tsaya ba. Maganin farko allurar wani mai ne da ake samowa daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, ga zafi, ga jinkirin aiki, mutum ya shekara ana soka masa. Sai wajen 1950 aka koma ƙwayar dapsone, wadda wani likita, John Lowe, ya gwada a Uzuakoli ta Gabashin Nijeriya ya nuna ana iya haɗiyarta kaɗan-kaɗan ba ta yi lahani ba. Daga nan aka fara sallamar mutane da yawa suna komawa gida.

Majinyatan ba zaman kashe wando suke yi ba. Masu sauran ƙarfi suna noma, ana koya musu karatun boko, wasu suka koyi ɗaurin miki da ba da magani. Daga cikinsu wasu suka zama Kirista, da yawa suka koma garuruwansu da Musuluncinsu. Waɗanda suka warke ɗin nan, 'yan ƙasa, su ne suka zama malaman asibiti da malaman makaranta da masu bishara a ƙauyuka. Cikin shekarun 1970 Gwamnati ta karɓi asibitin daga hannun mishan.

To, ku lura da abu guda. Waɗanda suka bar suna a wurin nan, Turawa da baƙar fata, ba baƙin mako biyu ba ne. Mutane ne da suka koyi Hausa, suka sha zafin bazara da ƙurar hunturu, suka wanke miki yau, gobe suka sake wanke shi, shekara da shekaru. Wanda ya yi haka ba zai ce maka talauci abin sha'awa ne ba, don ya ji warinsa.

ABIN DA BAƘO BA YA GANI

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma fuskar Bahaushiya gaban baƙo ba ta ba da labarin duka. Ke da kanki kin sani. Baƙo ya yi sallama, kin share tsakar gida, kin ɗauko zanen da kike ajiya don biki, kin aika maƙwabta aron tabarma, kin sa an yanka kazar da kike tattali don kuɗin makarantar yaro. Ya tambaye ki lafiya, kin ce lafiya lau. Ya tambayi gida, kin ce sai godiya. Me za ki ce da? Kunya da karamci ba za su bar ki ki gaya masa jiya da ruwan kanzo yara suka kwana ba.

Baƙon ya ci kaza, ya ji waƙa, ya ɗauki hoto, ya tafi. Bai ga daren da kika kwana zaune da yaro yana zazzaɓi ba, kina lissafin kuɗin babur zuwa asibiti. Bai ga ranar da mai bashi ya tsaya ƙofar gida ba. Bai san watan Agusta ba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Ba ina cewa fara'ar nan ƙarya ce ba. Matar da ta rera waƙar yabo da yunwa a cikinta, ko ta ɗaga hannu ta gode wa Allah bayan ta binne ɗa, bangaskiyarta ta gaske ce, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amma bangaskiyar tata ce, da hawayenta ta saye ta. Ba talauci ne ya ba ta ba. Talaucin nan da ya bar wata da haƙuri, shi ne ya kai wata ga sata, ya kai wata ga aurar da 'yarta ƙanƙanuwa don a rage baki. Wanda ya yabi talauci don ya ga mai haƙuri a cikinsa, kamar wanda ya yabi wuta ne don ya ga tukunyar da ba ta fashe ba.

ME LITTAFI YA KOYAR?

'Yar'uwa Kirista, ɗauko Littafi Mai Tsarki mu duba tare. Tun 1932 aka buga shi dukansa da Hausa, ba ki da hujjar cewa sai an fassara miki.

Buɗe Markus sura 12. Nan ne labarin gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu cikin baiko, kamar a ce anini biyu, Yesu Almasihu ya ce ta fi masu dukiya bayarwa. Ana yawan karanta mana wannan ranar tara kuɗi. Amma ki ɗan ja idonki sama kaɗan cikin surar. Kafin labarin nan, ya tsawata wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Watau ya yabi zuciyar matar, bai yabi waɗanda suka bar ta da anini biyu ba.

Buɗe Markus sura 1. Mai kuturta ya zo ya durƙusa gabansa. Yesu bai tsaya daga nesa ya yi masa fatan alheri ba, hannu ya miƙa ya taɓa shi, a zamanin da taɓa irinsa ƙazanta ce ga Yahudawa. Musulmi ma sun gaskata Annabi Isa ya warkar da masu wannan ciwo da izinin Allah. Ashe ke nan nan wurin ba mu da gardama.

Buɗe Wasiƙar Yakubu sura 2. Ya kawo misalin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura ba su da abinci, wani ya sallame su da kyakkyawar magana bai ba su kome ba. Ya ce irin wannan bangaskiya matacciya ce. Ku duba fa, bai ce raunanniya ba.

Akwai kuskure biyu da nake so mu guje musu. Na fari shi ne na baƙon nan, mai ganin talauci kamar wata tsarki ce. Na biyu ya fi shi muni, shi ne na masu wa'azin da ke cewa in kina cikin rashi bangaskiyarki ce ta gaza, ki kawo ɗan abin da ya rage miki ki "shuka" a hannunsu, Allah zai ninka miki. Sai mace ta sayar da akuyarta ta kai, ta koma gida tana jiran abin da ba zai zo ba, ga rashi ga zargin kai. Ku tuna da Ayuba. Abokansa sun dage lalle wani zunubi ya yi, ƙarshe su Allah ya tsawata wa. Cikin Karin Magana sura 30 kuma akwai wani mai hikima da ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci kada kuma ya ba shi dukiya mai yawa, don kada ƙoshi ya sa shi mantuwa, kada yunwa ta sa shi sata. Mutumin nan ya san kowanne da haɗarinsa.

In kuwa kina son ki ga yadda ake taimako, duba Littafin Sarakuna na Biyu sura 4. Gwauruwa ta zo wa Annabi Elisha, masu bashi za su kwashe 'ya'yanta. Abin da ya fara yi tambayarta ya yi, me take da shi a ɗaka. Ta ce ɗan mai ne kawai. Da man nan nata, da tulunan da ta aro wurin maƙwabta, da hannunta da na 'ya'yanta aka yi aikin, ta sayar ta biya bashi. Ya fara da tambaya, ya kuma bar ta da sana'a da mutuncinta.

BABBAR RUGA TA MATA

Labarin Babbar Ruga bai ƙare a kan kuturta ba. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a wurin. Ba ɗan mishan ba ne. Yana nan sai ya ga wasu matan da su ma an ware musu ƙwarya da tabarma, alhali ba kuturta gare su ba. Masu yoyon fitsari ne. A 1984 ya fara yi musu aiki, ya ɗinke dubban mata, ya koya wa likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya ta wannan ciwo, aikin kuwa kyauta ne.

Bari in gaya muku yadda ciwon yake samuwa, don har yanzu akwai masu cewa maita ce ko alhakin miji. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare bai fito ba, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashi. Naman wurin ba ya samun jini, sai ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya faɗi, ƙofa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Yankan gishiri shi ma yana jawo shi. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, amma ko uwar 'ya'ya tara yana iya samunta.

Yanzu ku tambayi kanku, me ya sa mace za ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaka? Babu kuɗin mota. Asibiti da nisa. Maigida ya tafi cin rani, ba mai ba da izini. Hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Wannan shi ne talauci in ya tuɓe rigarsa. Wace mace ce za ta dubi yarinya 'yar shekara goma sha biyar zaune kan tsumma, an sake ta, an hana ta shiga jama'a, ta ce mata ta yi murna da rashi?

Cikin Markus sura 5 akwai matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wurin masu magani. Ta ratsa taro a ɓoye don kunya. Yesu bai bar ta ta sulale ba, ya tsaya ya kira ta 'yarsa gaban kowa. Wasu Kirista sun karanta wannan sun ɗauke shi aiki. Likita Catherine Hamlin ta ƙasar Ostireliya da mijinta Reginald sun isa Addis Ababa ta Habasha a 1959 da niyyar shekara uku. Da suka ga matan nan sai suka zauna, suka kafa musu asibiti a 1974. Ita Catherine a can ta rasu a 2020, tana da shekara 96. Nan kusa da mu, a Danja ta wajen Maraɗi, inda S.I.M. ta daɗe tana jinyar kuturta, an buɗe sashen masu yoyon fitsari a 2012. A Jos ma asibitin ECWA yana wannan aiki. Ga ziyarar da ta zama zama.

Saboda haka ku riƙe wannan. Ku je awon ciki. In naƙuda ta kai sa'a 12 ba ci gaba, a nufi asibiti, kada a jira gari ya sake wayewa. Tun ciki yana wata bakwai a ware kuɗin mota, a san wanda zai ɗauka, a karɓi izinin maigida tun yana nan. Wadda ta ga fitsari yana zuba bayan haihuwa ta je da wuri, gama in ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, wani lokaci robar fitsari kaɗai ke sa ta rufe. Wadda aka yi wa aiki kuma ta kiyaye dokar likita, haihuwa ta gaba a asibiti.

Haka kuma kuturta. Tun 1873 wani likitan Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Ba gado ba ce, ba la'ana ba ce. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da haɗin magunguna da ke warkar da ita cikin wata shida ko goma sha biyu, kyauta ake ba da su, wanda ya fara sha kuma ya daina yaɗa ta. Ba ta ƙare ba fa, a 2023 an sami sababbin masu ita fiye da 2,000 a Nijeriya. In kin ga wani tabo a fata da ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa ba a ji, maza a kai asibiti. Jinkiri ne ke cin yatsu.

TO, ME ZA MU YI?

Rashin da muke magana ba tatsuniya ba ce. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na Nijeriya suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, watau abinci da lafiya da karatu da muhalli. A 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da labarin yara 652 sun mutu da tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. 'Ya'yanmu ne, na Musulmi da na Kirista. Kirista kuwa a ƙasar nan ba baƙi ba ne, Hausawa ne 'yan gida, musamman wajen Malumfashi da Ƙafur, har a 2023 ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, ya zama Bishop na Katolika na Katsina. In gida ya kama wuta, ba a jiran baƙo ya zo da ruwa daga hayin teku.

Ke da Allah ya ba hali, za ki ziyara da Matan Zumunta, ga shawarata. Kafin ku sayi kome, ku aika a tambayi matan wurin abin da suke bukata. Sau da yawa an kai gwanjon riguna inda gugar rijiya ake nema. In kun isa ku zauna ku saurara, ku bar su su yi magana. Kada ki ɗaga waya ki ɗauki hoton majinyaciya ko yaro mai tamowa ki watsa a Facebook ba da yardarsu ba. Ki tuna in ke ce fa? Kada a jera mutane a rana ana kiran suna ana miƙa mudu ana tafi. Matiyu sura 6 ta hana yin sadaka don idon mutane, Musulunci ma ya yabi sadakar ɓoye. Ku danƙa kayan ga dattijan matan wurin, sun san ɗakin da ba a hura wuta ba.

Kada kuma a ɗaura abinci ko magani da sharaɗin addini. Ki faɗi abin da kika gaskata in an tambaye ki, cikin ladabi, amma mai yunwa ki ba ta don tana jin yunwa. Bangaskiyar da aka saya da mudun masara, ranar da masara ta ƙare za ta ƙare. Maƙwabtaka kuwa in ta ɓaci, gyaranta da wuya.

Ku fi ba da ƙarfi ga abin da zai haihu: jarin gyaɗa ga mai iya ƙuli-ƙuli da mai, tunkiya ga mai wurin kiwo, keken ɗinki ga wadda ta koya, adashi mai amana, asusun kuɗin mota don masu naƙuda. Littafin Ayyukan Manzanni sura 9 ya ba da labarin Tabita ta garin Yafa, wadda allura da zare ne aikinta. Ranar da ta mutu gwauraye suka kewaye ta suna kuka, suna nuna tufafin da ta ɗinka. Sa'an nan ku koma. Ziyara ɗaya yawon buɗe ido ce. Zumunta a ƙafa take, gara ku riƙe ƙauye ɗaya shekara biyar da ku zaga ƙauye goma sau ɗaiɗai.

Ke kuma da ake zuwa wurinki, kada ki ci bashi don ki burge baƙo. Ruwan sanyi da fara'a sun isa tarba. In an tambaye ki damuwarki, ki faɗa a fili, gama ɓoye ciwo ba ya maganinsa. Kada ki yarda wani ya sa ki ji rashinki laifinki ne gaban Allah. Kada kuma ki ce ba ki da abin bayarwa. Raka maƙwabciya asibiti bayarwa ce. Zama kusa da mai yoyon fitsari a coci ko wurin biki, lokacin da kowa ya matsa, bayarwa ce. Cin tuwo ƙwarya ɗaya da wadda ta warke daga kuturta bayarwa ce, wata ma ta fi ta kuɗi.

Ku kuma baƙinmu na ƙetare, in wannan takarda ta kai gare ku, muna godiya da tattakin da kuke yi. Abin da muke roƙo, in kun tsaya ba da labari, ku ba da shi duka. Ku faɗi waƙar, ku faɗi kuma tukunyar da ba a ɗora ba, da dalilin da ya sa ba a ɗora ta ba.

Ga aikin da na ba kowacce kafin mu sake saduwa. Ki duba unguwarku, akwai macen da aka daina ganinta a taro tun da ta haihu? Ki je ki yi mata sallama, ki zauna kan tabarmarta, ki gaya mata akwai magani a Babbar Ruga, in da hali ki raka ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Ku gaishe mini da yara. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.